Shin wariya ce a ce sai ɗan ƙasa ne zai horar da tawagar ƙasarsa?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin harkar ƙwallon ƙafa. Ina da tambaya da nake roƙon waɗanda suka fi ni sani su warware mini, domin na lura ana ba ta amsa iri biyu gwargwadon ƙasar da ake magana a kanta. A watan Oktoban 2024, da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta sanar da ɗaukar Bajamushe Thomas Tuchel, wasu jaridu da tsofaffin 'yan wasan ƙasar sun nuna rashin jin daɗinsu, suna cewa tawagar ƙasa ɗan ƙasa ne ya dace ya ja ragamarta, nan take wasu suka mayar musu da martani cewa wannan ƙyamar baƙi ce kawai. Mu kuwa a nan Najeriya, duk wanda ya ce a ba ɗan gida aikin yabonsa ake yi da kishin ƙasa, wanda kuma ya ce a ɗauko Bature shi ne ake zargi da raina nasa. Sannan a watan Janairun 2025 hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta ɗauki Eric Chelle, ɗan ƙasar Mali, sai ga masu son Bature da masu son ɗan gida sun haɗu a wuri ɗaya suna sukar naɗin, kowa da dalilinsa.

To, idan Baturen Ingila ya ce ba ya son baƙo aka kira shi mai wariya, me ya sa idan ɗan Najeriya ya faɗi hakan ba a kiransa da wannan suna? Kuma idan hukumominmu suka fifita farar fata a kan ɗan gida, wannan wariyar launin fata ce ko kuwa neman ƙwarewa ne kamar yadda suke faɗa? Ina son a amsa mini da hujja, ba da zafin rai ba.

Malam Na-Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Na farko shi ne ko ya halatta a ɗauko baƙo, kuma a dokar FIFA babu wata tantama a kan haka: ɗan wasa ne aka wajabta wa zama ɗan ƙasar da yake buga wa, amma koci ba a ɗaure shi da wannan sharaɗi ba. Na biyu, wanda a ganina shi ne asalin ciwon, shi ne ko mudu ɗaya ake auna wa ɗan gida da baƙo. A nan ne nake cewa an yi rashin adalci, kuma tarihinmu ya isa shaida.

Marigayi Shuaibu Amodu ya karɓi Super Eagles a shekarar 2001 lokacin da Laberiya ke gabanmu a wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya, ya farfaɗo da tawagar har ta samu gurbin, amma bai je gasar ta 2002 ba domin an sallame shi bayan ya zo na uku a gasar cin kofin Afirka a Mali. Ya sake dawowa, ya sake samar mana gurbin gasar 2010 a ranar ƙarshe da muka ci Kenya 3-2 a Nairobi, ya sake zuwa na uku a Angola, sai aka ce masa bai kai matsayin da zai tsaya a gaban duniya ba. Wanda aka kawo a madadinsa, Lars Lagerbäck, mutum ne da ya kasa kai ƙasarsa Suwidin wannan gasar da Amodu ya kai mu. Ya je Afirka ta Kudu, Ajantina da Girka suka doke mu, muka yi kunnen doki 2-2 da Koriya ta Kudu, muka dawo da maki ɗaya tak. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amodu ya rasu a 2016 ba tare da ya taɓa zama a bencin gasar da sau biyu ya sha wahalar kai mu ba, kuma har yau ban ji wani bayani da ya gamsar da ni a kan wannan ba.

Marigayi Stephen Keshi ma haka Togo ta yi masa. Shi ne ya kai ta gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihinta, a rukunin da Senegal ke ciki, amma da tawagar ta sha kashi a wasanninta uku na gasar Afirka a Masar a farkon 2006, aka maye gurbinsa da Bajamushe Otto Pfister, wanda shi ma ya sha kashi a wasanni ukun da ya buga a Jamus. Ba mamaki da Keshi ya fito a farkon 2013 ya ce akwai Turawan da kuɗi kawai ke kawo su Afirka, kuma ba sa yin wani abin da mu ba za mu iya ba. Bayan 'yan makonni ya ɗauko wa Najeriya kofin Afirka da cin Burkina Faso 1-0, bayan shekara 19 rabonmu da shi, amma duk da haka ya yi ta bin bashin albashinsa na watanni.

Ka kwatanta wannan da Gernot Rohr, Baturen da ya horar da Super Eagles. An fitar da mu tun zagayen rukuni a gasar duniya ta Rasha a 2018, ya zo na uku a gasar Afirka ta 2019, wato daidai sakamakon da ya ci kujerar Amodu har sau biyu, amma shi sabunta masa kwantiragi aka yi, ya kai har Disamban 2021. Ban ce haƙurin da aka yi da Rohr kuskure ba ne. Ina cewa ne wannan haƙuri bai taɓa samun ɗan gida ba. Finidi George wasa biyu na neman gurbi ya jagoranta a watan Yunin 2024, aka sanar cewa za a ɗauko baƙo a ɗora a kansa, ya ajiye aikin.

Saboda haka amsata ita ce, mutumin Ingila da ke cewa ba ya son baƙo yana kare wani gata ne da kocin ƙasarsa ya daɗe yana da shi, mu kuwa muna neman a daina yi wa namu kallon wanda bai cika ba. Kalmomin sun yi kama, amma wurin da kowa ya tsaya ya faɗe su ba ɗaya ba ne.

Bakatsinen Legas ya rubuta:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina ganin ka zaɓi rabin tarihin ka bar rabi, kuma idan za a yi hukunci mai nauyi kamar zargin wariyar launin fata wajibi ne a kawo duka.

Wanda ya maye gurbin Amodu a 2002 ba Bature ba ne, Festus Onigbinde ne, ɗan Najeriya. Kuma abin da aka yi wa Amodu an riga an yi wa Bature irinsa, domin Philippe Troussier, Bafaranshe, shi ne ya samar mana gurbin gasar 1998, amma Bora Milutinović ne ya tafi da tawagar zuwa Faransa. Maganar albashi ma ba ta bar kowa ba, tunda shi kansa Rohr sai da ya kai ƙara FIFA a kan haƙƙoƙinsa bayan an raba gari da shi. Abin da nake gani a nan rashin tsari ne da gaggawar shugabanni, waɗanda idan surutu ya yi yawa suke neman wanda za su sadaukar domin su tsira da kujerunsu, ko wane ne shi.

Sannan bai kamata mu manta da abin da baƙi suka yi mana ba. Kofinmu na farko na Afirka a 1980 Otto Glória ɗan Brazil ne ya ɗauko shi a Legas. Clemens Westerhof ya zauna daga 1989 zuwa 1994, yana yawon kallon wasannin cikin gida, ya gina tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya ta kuma kai mu gasar duniya karo na farko, kuma shi Keshin da ake misali da shi kyaftin ɗin wannan tawaga ne. Zinaren gasar Olympics ta Atlanta a 1996 Jo Bonfrere ne ya ɗauko mana shi. A ɗaya ɓangaren, a hannun ɗan gida Samson Siasia muka rasa gasar Afirka ta 2012, kuma a hannun ɗan gida Augustine Eguavoen Ghana ta hana mu zuwa gasar duniya ta Katar a 2022, a filin wasa na Abuja. Ban kawo waɗannan don in ƙasƙantar da su ba, na kawo su ne don a san cewa zama ɗan ƙasa ba ya cin wasa.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika son faɗa a fili ba. A ƙasa irin tamu, duk kocin gida da ya fitar da sunayen 'yan wasa, kafin a duba ƙwazon kowa sai an ƙirga nawa ne daga Kudu, nawa ne daga Arewa, wane ne ɗan garinsu, wane ne yaron wane. Ko yana da gaskiya ko ba shi da ita, wannan zargi yana bin sa har ɗakin sauya kaya. Baƙo ba shi da ƙabila a cikinmu, kuma babban mutum ba ya iya kiransa cikin dare ya ce a saka masa ɗan ƙanensa da sauƙin da zai kira wanda suka taso unguwa ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasu masu kishin ƙasa na gaske suke gwammace baƙo, kuma zalunci ne a ce dukansu ƙasƙantar da kai ke damunsu.

Badamagare ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Yayana Bakatsine, hujjarka ta rashin tsari tana da ƙarfi, amma mu nan mun ga abin da rashin tsari kaɗai ba zai iya fassara shi ba. Harouna Doula ne ya kai Mena, tawagar ƙasarmu Nijar, gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihi, ta 2012, daga rukunin da ke ɗauke da Masar mai riƙe da kofin da kuma Afirka ta Kudu, har hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba shi kyautar gwarzon koci na shekarar 2011. Da gasar ta matso sai aka kawo masa Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara, kuma da Gabon ta ci mu a wasan farko aka janye Doula gefe, ragama ta koma hannun mai ba da shawarar. Sauran wasannin biyu ma an sha kashi. Tambayar da nake yi ita ce, a ina aka taɓa jin an kawo wa kocin Turai da ya zama gwarzon nahiya wani ɗan Afirka ya tsaya a kansa, da hujjar cewa aikin ya fi ƙarfinsa? Abin ba ya tafiya sai ta hanya ɗaya, kuma wannan tafiya ta hanya ɗaya ita ce abin da nake kira wariya, ko da masu yin ta baƙar fata ne irinmu.

Dubi abin da ya faru a Côte d'Ivoire a farkon 2024. Da Equatorial Guinea ta lallasa su 4-0 suka kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, abu na farko da ya zo wa shugabanninsu shi ne su aro Hervé Renard daga tawagar matan Faransa. Sai da aka hana su sannan suka haƙura da Emerse Faé, ɗan gida, wanda ya ɗauki kofin a wasan ƙarshe da Najeriya. Da an ba su aron, da har yau ana cewa Faé bai isa ba.

Game da Chelle da mai tambaya ya ambata, ina ganin shi ne ma'aunin da zai nuna gaskiyar kowa. Mai cewa sai ɗan ƙasa, yana da hujjarsa ta ƙin Chelle, ko da ban yarda da ita ba. Amma wanda ya yi shiru ko ya yi murna a watan Agustan 2024 da aka sanar da sunan Bajamushe Bruno Labbadia a matsayin kocin Najeriya, kafin maganar ta rushe, sannan ya tashi yana tambayar me ɗan Mali zai koya wa Najeriya, ya kamata ya bincika zuciyarsa. Kwesi Appiah ɗan Ghana ya kai Sudan gasar Afirka ta 2025 alhali ƙasar na cikin yaƙi kuma ba ta iya buga wasa a gida, a rukunin da ita Ghanar ta ƙare a ƙarshe. Emmanuel Amuneke ya kai Tanzaniya gasar 2019 bayan rabonta da ita tun 1980. Idan muna son a girmama namu a waje, ba za mu raina na maƙwabta a gida ba.

'Yar Gombe ta rubuta:

Ina so in koma ɓangaren Ingila, domin an bar shi a baya. A fahimtata, mai cewa kocin tawagar ƙasa ya zama ɗan ƙasa ba lallai ne mai wariya ba. Hujjarsa ita ce gasar ƙasashe gwaji ce ta abin da kowace ƙasa ta shuka da hannunta, kuma idan ba a yarda ka sayo mai tsaron gida daga wata ƙasa ba, bai kamata a yarda ka sayo mai tsara wasan ba, musamman tunda ƙasashe masu kuɗi ne kaɗai za su iya sayen mafi tsada. Suna kuma kafa hujja da cewa daga 1930 zuwa 2022 babu ƙasar da ta ci kofin duniya na maza da kocin waje. Ana iya musanta wannan ra'ayi, a kawo Otto Rehhagel da ya ci wa Girka kofin Turai a 2004, ko Sarina Wiegman 'yar Holan da ta ci wa matan Ingila kofin Turai a 2022, ko a ce ita kanta Brazil ta ɗauki Carlo Ancelotti a 2025. Amma ra'ayi ne a kan ƙa'idar gasa, ba a kan launin fata ba, kuma Tuchel da masu sukarsa duk farare ne.

Inda wariyar take a Ingila wani wuri ne daban. Baƙaƙen fata sun cika filayen wasanta, tawagar ƙasar ma haka, amma idan aka dubi bencin masu horarwa a manyan ƙungiyoyi sai a ƙirga su da yatsun hannu. Wannan ne ya sa a 2018 hukumarsu ta ɗauki tsarin nan da aka aro daga ƙwallon Amurka, wanda ya wajabta a gayyaci aƙalla mutum ɗaya daga tsirarun jinsi zuwa ganawar neman aiki. To, ga jarrabawar da zan yi wa mai cewa sai ɗan Ingila: idan ɗan Ingilan baƙar fata ne, haifaffen Landan, iyayensa daga Najeriya ko Jamaika, zai karɓe shi da zuciya ɗaya? Idan zai karɓa, maganarsa ta ƙasa ce. Idan ya fara kame-kame, to ba fasfo yake nufi ba tun farko.

Mu ma muna da tamu jarrabawar. Manu Garba ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013, Amuneke ya ci a 2015, kuma yaran da suka horar su ne suka zama ginshiƙan babbar tawaga. Mun yarda ɗan gida ya raini yaro har ya zama tauraro, amma da zarar yaron ya tafi Turai ya yi suna sai a ce malaminsa na jiya ba zai iya tsawata masa ba.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, kuma Hajiya, bambancin da kika kawo tsakanin ƙasa da launi ya warware mini rabin tambayar. Sauran rabin yana nan. Malam Na-Zazzau, idan aka ce kai ne mai yanke hukunci gobe, za ka kafa dokar hana ɗaukar baƙo ne, ko kuwa me za ka canza? Domin hujjar Bakatsine a kan ƙabilanci da katsalandan ban ga wanda ya amsa ta ba.

Malam Na-Zazzau ya rubuta:

Ba zan kafa dokar hana baƙo ba, ɗan'uwa, domin dokar da za ta hana mu Westerhof ita ce kuma za ta hana Sudan Appiah. Abin da zan canza shi ne sharuɗɗan aikin. A tallata gurbin a fili, a bayyana abin da ake nema, a rubuta albashin kujerar da tsawon wa'adinta da abin da ake so a cimma kafin a san wanda zai hau ta, yadda ɗan Kano da ɗan Lisbon za su sa hannu a takarda iri ɗaya. Zan kuma zuba kuɗi a kan karatun masu horarwa, domin lasisin hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, yana buɗe ƙofa a ko'ina cikin Afirka, alhali na CAF ba ya buɗe ƙofar Turai haka, kuma muddin hakan na nan shugabanni za su ci gaba da fakewa da maganar takardu.

Maganar katsalandan kuwa gaskiya ce, amma masu kiran waya cikin dare su ne masu laifin, ba wanda ake kira ba. Idan hukuma tana iya kame hannunta daga jerin sunayen baƙo saboda tana tsoron kwantiraginsa da ƙarar FIFA, to tana iya kame shi daga na ɗan gida idan aka ba shi kwantiragi mai ƙarfi iri ɗaya.

Kuma an gwada hakan an gani. A gasar duniya ta 2010, cikin ƙasashen Afirka shida Aljeriya ce kaɗai ta je da ɗan gida, Rabah Saâdane. A ta 2022 duka biyar da 'yan gida suka je, kuma a cikinsu ne Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe, matakin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa takawa kafin nan. Senegal ta naɗa Aliou Cissé a 2015. Kamaru ta fitar da shi daga gasar Afirka da bugun fenariti a 2017, ba a kore shi ba. An fitar da shi daga gasar duniya ta 2018 a zagayen rukuni saboda yawan katin gargaɗi bayan ya yi daidai da Japan a komai, ba a kore shi ba. Aljeriya ta doke shi a wasan ƙarshe na gasar Afirka a 2019, ba a kawo wani an ɗora a kansa ba. A watan Fabrairun 2022, kusan shekara bakwai da naɗa shi, ya ɗauko wa Senegal kofin Afirka na farko a tarihinta a birnin Yaounde.